Bagwai da Shanono: ƙananan hukumomi biyu, kujera ɗaya

Wani ɗan'uwa ɗan asalin yankin Bagwai ya aiko da tambaya. Ya ce: me ya sa Bagwai da Shanono suke raba ɗan majalisar jiha guda ɗaya, alhali ƙananan hukumomi irin su Kibiya da Warawa kowacce da nata? Sannan yaya aka yi mazaɓar da ta zaɓi APC a 2023 ta juya ta ba NNPP da rata mai yawa a zaɓen cike gurbi na 2025? Shin mutanen ne suka sauya ra'ayi?

Malam, na ji daɗin yadda ka haɗa tambayoyin nan wuri guda, domin amsar ta biyu tana kwance ne a cikin ta farko. Na daɗe ina bibiyar sakamakon zaɓen Kano ta Arewa, kuma abin da na yi imani da shi shi ne, wanda bai san yadda aka yanka wannan mazaɓa ba, da yadda ƙasarta take, ba zai fahimci ƙuri'arta ba ko da ya haddace alƙaluman duka.

Mu fara da lissafin da ya jawo haɗin. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar dokokin jiha za su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a majalisar wakilai ta tarayya. Amma a wannan sashen aka ɗaure maganar da sharaɗi: kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Kano tana da kujeru 24 a majalisar wakilai. Da ninki ukun aka bi, da kujeru 72 za ta samu. Sai wancan rufin na 40 ya danne ta. Legas ma haka take, kujeru 24 a tarayya, 40 a jiha, sai dai ita ƙananan hukumominta 20 ne, saboda haka rabon ya zo mata da sauƙi, kowacce ta ɗauki biyu. Kano kuwa 44 ne. Kujera 40 ba za ta ishi ƙaramar hukuma 44 ba, dole huɗu su rasa tasu ta kansu. Abin da aka yi shi ne aka ɗauki takwas aka haɗa su biyu-biyu: Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunchi wadda yanzu ake kira Ghari, Rimin Gado da Tofa, sai Kura da Garun Malam.

Ka dubi jerin nan da kyau. Uku daga cikin huɗun a Kano ta Arewa suke. Yankin yana da ƙananan hukumomi 13 amma kujerunsa 10 ne a majalisar jiha. Kano ta Tsakiya tana da 15, kujeru 14. Kano ta Kudu tana da 16, kuma ba a taɓa mata ko ɗaya ba, kujerunta 16 cif. Wannan abu ne da ba kasafai ake faɗarsa ba, amma a zauren da ake zartar da doka da ɗaga hannu, ba ƙaramin bambanci ba ne.

Yanzu ga inda ƙorafinka yake da ƙafa. Sashe na 113 ya ce a shata mazaɓun jiha ta yadda yawan mutanen kowacce zai kusanci na 'yar'uwarta gwargwadon iko. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum kimanin miliyan 9.4. Raba wannan gida 40, kowace kujera za ta tashi da mutum wajen 235,000. Bagwai a wancan lokacin tana da kimanin 160,000, Shanono kimanin 140,000, jimilla sun haura 300,000. Warawa da Kibiya da Madobi kuwa kowaccensu ba ta kai 140,000 ba, amma kowacce tana da ɗan majalisarta. Wato Bagwai ita kaɗai ta fi kowace ɗaya daga cikinsu jama'a. A cikin mazaɓu huɗun nan da aka haɗa ma, Bagwai/Shanono ce ta fi yawan mutane. Saboda haka in wani ya ce maka ƙananan ne aka haɗa don su cika adadi, gaya masa alƙaluman ba su goyi bayansa gaba ɗaya ba. Maganar ta yi daidai a kan Tofa da Rimin Gado, waɗanda in an haɗa su ma ba su wuce 200,000 da yawa ba. A kan Bagwai da Shanono ba ta yi daidai ba.

Adalci kuma ya sa in ƙara da cewa ba ku ne kuka fi kowa cutuwa ta fuskar lissafi ba. Ƙaramar hukumar Nassarawa ta cikin birni tana da mutum kusan 600,000 a 2006, Dala ta haura 400,000, kuma kowaccensu kujera ɗaya ce. Ƙuri'ar mutumin Warawa ta fi ta mutumin Gama, unguwa a Nassarawa, nauyi sau huɗu da ɗoriya a majalisar jiha. Sai dai ciwon birni daban, naku daban. Ɗan majalisar Nassarawa yana da shugaban ƙaramar hukuma ɗaya, sakatariya ɗaya, kuma a babur zai iya zagaye mazaɓarsa kafin azahar. Naku yana da shugabannin ƙananan hukumomi biyu, shugabannin jam'iyya biyu, hakimai da dagatai na ɓangarori biyu, mazaɓun kansila 20, da ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000. Duk abin da ya samo, rijiyar burtsatse ce ko ajin makaranta ko gurbin aiki, sai ya raba biyu, kuma duk yadda ya raba sai wani ɓangaren ya ce an danne shi.

Akwai wani abin da ya sa mazaɓarku ta fita daban. Bagwai/Shanono ba mazaɓar jiha ce kawai ba, ita ce kuma mazaɓar tarayya, da iyaka iri ɗaya. Tsarin mulki ya hango cewa a ƙarƙashin kowane ɗan majalisar wakilai za a samu 'yan majalisar jiha uku ko huɗu. A Rano da Bunkure da Kibiya haka abin yake, ɗan tarayya ɗaya, 'yan jiha uku. A wajenku ɗaya ne da ɗaya. Maƙwabtanku na Tsanyawa da Ghari ma haka. Riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin siyasar yankin, zan dawo kansa.

Me ya hana a gyara? Iyakokin mazaɓun da ake amfani da su an shata su ne tun 1996, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, kuma har yau a kansu ake tafiya. Sashe na 114 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC alhakin sake duba su bayan aƙalla shekara goma, ko bayan an yi ƙidaya, sashe na 115 kuma ya ce duk gyaran da aka yi sai majalisar dattawa da ta wakilai sun amince. Abin da INEC ta iya yi shi ne ƙara rumfunan zaɓe a 2021, wanda ya kai na ƙasa baki ɗaya 176,846, amma iyakar mazaɓa ba ta motsa ba. A wasu jihohin al'ummomi sun je kotu sun nemi a maido musu kujerun da aka danne, kuma wasu sun yi nasara, domin majalisunsu ba su cika 40 ba, akwai sarari. A Kano babu wannan sararin. Kafin Shanono ta samu kujerarta, Bagwai ta samu tata, ko dai a gyara sashe na 91 a ɗaga rufin, ko a ƙwace kujerar wata ƙaramar hukuma. Na farko yana buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Na biyu kuwa babu ɗan siyasar da zai sa hannu a kashe kujerar da yake zaune a kai. Duk ɗan takarar da ya yi muku alkawarin zai raba mazaɓar da zarar ya shiga majalisar jiha, ku tambaye shi ta wace ƙofa, domin ikon ba a hannun majalisar jiha yake ba.

To, yanzu mu sauka ƙasa.

Mazaɓar tana yamma maso arewa da birnin Kano. Bagwai ce ta gabas, tana jingine da Bichi, kuma rayuwarta tana kewaye ne da madatsar ruwa ta Watari, wadda aka kammala wajen 1980 a cikin jerin dam-dam ɗin da Kano ta gina tun daga zamanin Audu Bako. Mazaɓun kansilanta goma ne: Bagwai, Dangada, Gadanya, Gogori, Kiyawa, Kwajali, Rimin Dako, Romo, Sare-Sare da Wuro Bagga. Sunan ta ƙarshen nan kaɗai ya isa ya nuna maka akwai Fulani a ƙasar tun da daɗewa, domin "wuro" a Fulatanci gari ne ko mazauni. Inda ruwan dam yake kaiwa ana noman rani, shinkafa da tumatir da albasa da masara, ga masunta, ga 'yan kwale-kwale. Manomin rani yana da abin da yake nema a wajen gwamnatin jiha kai tsaye: a yashe masa hanyar ruwa, a gyara ƙofofin dam, taki ya zo a kan kari, a yi masa hanyar fitar da kaya. Mutumin da amfanin gonarsa yake rataye da hukumar jiha ba ya son ya daɗe a adawa. Wannan ba rauni ba ne, lissafin ciyar da iyali ne.

Dam ɗin da ya kawo arziki shi ne kuma ya raba garuruwa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani kwale-kwale da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Na kawo wannan ne domin duk wanda yake son ya gane me mutumin tsallaken ruwa yake aunawa in ya shiga rumfa, ya fara daga nan. Wanda ya binne 'ya'yansa saboda babu gada, babu hanyar zagaye mai kyau, babu jirgi mai lafiya, ba alamar jam'iyya yake kallo ba.

Shanono kuwa ita ce ta yamma, ta fi faɗin ƙasa, ta fi ƙarancin jama'a, kuma bayanta jihar Katsina ce. Tana tsakanin Gwarzo ta kudu da Tsanyawa ta arewa. Mazaɓunta su ma goma ne: Alajawa, Dutsen Bakoshi, Faruruwa, Goron Dutse, Kadamu, Kokiya, Leni, Shakogi, Shanono da Tsaure. Nan noman damina ne ya fi ƙarfi, gero da dawa da gyaɗa da wake, sai kiwo. Ƙauyukan a warwatse suke, kuma da rani matasa da yawa suna tafiya ci-rani. Maganar hanya, irin ta Gwarzo zuwa Tsaure zuwa Tsanyawa, magana ce ta rai da mutuwa ga mai naƙuda da mai kai hatsi kasuwa. Daga ƙarshen 2025 kuma wani sabon abu ya shigo: hare-haren 'yan bindiga da suke tsallakowa daga ɓangaren Katsina, musamman a yankin Faruruwa da Goron Dutse, har da ƙauyukan Tsanyawa. A ganina wannan zai sauya abin da mutanen bakin iyaka suke tambayar ɗan takara fiye da duk wani abu da ya faru a shekaru ashirin da suka wuce. Zai kuma taɓa yawan masu fitowa zaɓe, domin wanda ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari ya bar rumfarsa a baya, katinsa kuwa da waccan rumfar yake ɗaure.

Ka ga ke nan mutum biyu ne aka sa wa riga ɗaya. Ɗaya fuskarsa tana kallon Bichi da ruwan dam, ɗaya tana kallon Gwarzo da iyakar Katsina.

Yadda suka zauna lafiya cikin rigar shi ne abin da na ce ka riƙe. Tunda kujerun biyu ne rak, ta Abuja da ta Kano, kuma ƙananan hukumomin biyu ne, ido yana kan wa ya ɗauki wacce. Ba doka ba ce, ba a rubuce take ba, amma duk ɗan siyasar yankin ya san ba a son ɓangare ɗaya ya haɗa duka. Kuma da yake a ƙasar Kano ɗan siyasa da sunan garinsu ake kiransa, sunayen ma sun isa su ba ka labarin. Daga 1999 zuwa 2015 Farouk Lawan, ɗan Shanono, shi ne a majalisar wakilai, zango huɗu a jere. Bayansa kujerar ta tsallaka Bagwai, ta faɗa hannun Sulaiman Aliyu Romo a 2015, sannan Yusuf Ahmad Badau daga 2019, wanda ya sake ci a 2023. Da ta Abuja take Bagwai, sai ga ta jiha a 2023 tana hannun marigayi Halilu Ibrahim Kundila, mutumin Shanono.

Tarihin Farouk Lawan yana da darasi game da ɗabi'ar masu zaɓen yankin. A PDP ya yi zangonsa duka. A 2003 guguwar Buhari da ANPP ta kayar da Rabiu Musa Kwankwaso daga kujerar gwamna, Malam Ibrahim Shekarau ya hau, ya kuma maimaita a 2007. Duk da haka Bagwai da Shanono suka ci gaba da mayar da ɗan PDP Abuja. Abin da ya biyo baya sananne ne: binciken tallafin man fetur na 2012, shari'ar cin hanci, da hukuncin ɗaurin da kotu ta yanke masa a 2021. Amma abin da ya shafi tambayarka shi ne, tun kafin kalmar ta yi tashe mutanen nan sun iya siyasar wake da shinkafa, su dangwala wa wannan jam'iyya a takarda ɗaya, su dangwala wa waccan a ɗaya takardar. Kano gaba ɗayanta ta yi haka a 2011, ta ba Buhari na CPC a zaɓen shugaban ƙasa, ta ba Kwankwaso na PDP a na gwamna. Kiran "sak" na 2015 shi ne ya zo ya share wannan na ɗan lokaci, ba shi ne asalin ɗabi'ar ba.

Mu zo 2023. A faɗin jihar shekarar jar hula ce, wato ta NNPP. Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a zaɓen shugaban ƙasa a Kano, Bola Tinubu 517,341. Ranar 18 ga Maris Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705, kuma NNPP ta tashi da kujeru 26 a majalisar jiha, APC 14. Amma Kano ta Arewa ba ta bi ruwan ba kamar sauran. Ita kaɗai ce ta ba APC sanata, Barau Jibrin. Dalilin a fili yake: jiga-jigan APC na jihar 'yan yankin ne. Gwamna mai barin gado a lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ɗan Dawakin Tofa ne. Barau da Murtala Sule Garo, wanda ya tsaya mataimakin Gawuna, 'yan Kabo ne. Ga kuma masarautar Bichi da aka kafa a 2019, wadda Bagwai da Shanono suke cikinta, kuma mutane da dama a yankin sun ɗauke ta a matsayin ci gaban da bai kamata a rasa ba. Ƙara da cewa gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi duk na APC ne a ranar zaɓen. Da wannan nauyin duka Badau da Kundila suka ci.

Kundila ya rasu a watan Afrilun 2024, bai cika shekara a majalisa ba. Daga nan kujerar ta zauna babu kowa har ranar 16 ga Agusta 2025, wata 16 ke nan, alhali tsarin mulki ya ce a cike irin wannan gurbin cikin wata guda. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a labarin duka, kuma ban ga an yi masa kukan da ya kamata ba. A cikin waɗannan watannin, ranar 23 ga Mayu 2024, majalisar dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, masarautar Bichi ta rushe. Da aka dawo a watan Yuli aka kafa masarautu masu daraja ta biyu, Rano da Gaya da Karaye aka ba, babu Bichi. Ko mutum yana goyon bayan rushewar ko yana adawa da ita, dole ya yarda cewa an yanke hukunci a kan wane sarki ne a kan mutanen Bagwai da Shanono a ranar da ba su da baki a zauren. An kuma zartar da kasafin kuɗin 2025 babu wanda zai tashi ya ce ina aikin Watari, ina hanyar Leni ko Kokiya.

Ranar zaɓen cike gurbin, Dakta Ali Kiyawa na NNPP ya samu ƙuri'a 16,198, Ahmad Muhammad Kadamu na APC ya samu 5,347. Rata ce ta ninki uku, kuma na san ita ce ta sa ka yi tambaya. Amma kafin ka kalli ratar, haɗa alƙaluman biyu. Ƙuri'a 21,545 ke nan, a mazaɓar da take da mutum sama da 300,000 tun shekara 19 kafin ranar. Wato mafi yawan masu katin zaɓe ba su ce komai ba. Tsakiyar Agusta ce, tsakiyar damina, manomi yana gona, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, babu takarar gwamna ko ta shugaban ƙasa da za ta fito da mutane. Ga kuma fargaba: 'yan sanda sun sanar da kama ɗaruruwan matasa ɗauke da makamai a yankunan da aka yi zaɓe a Kano ranar, har APC ta nemi a soke zaɓen. A irin wannan ranar tsohuwa da mai goyo da magidancin da ba ya son fitina gida suke zama. Waɗanda suke fitowa su ne waɗanda jam'iyya ta iya ɗaukowa.

Wa yake da ƙarfin ɗaukowa a 2025? Duk abin da ya taimaki APC a 2023 ya juya. Gwamna na NNPP ne a lokacin. A zaɓen ƙananan hukumomi na 26 ga Oktoba 2024, wanda APC ba ta shiga ba, NNPP ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484, saboda haka a kowace ɗaya daga cikin mazaɓun nan 20 akwai kansila mai ci da ya san gida-gida. Ganduje ya sauka daga shugabancin APC na ƙasa a ƙarshen Yunin 2025, mako bakwai kafin zaɓen. Kuma hankalin gwamnatin jiha gaba ɗaya ya tattaru a kan ƙananan hukumomi kaɗan, ba kamar babban zaɓe ba da kowane jigo yake can yana tsaron akwatin ƙofar gidansu. Sannan mai zaɓen da ya fito yana da lissafinsa mai ma'ana: kujerar saura ƙasa da shekara biyu, gara a ba wanda gwamna zai ɗaga wayarsa.

Sai batun ɓangare. APC ta tsayar da mutumin Kadamu, wato ta bar kujerar a Shanono inda take. NNPP ta ɗauko daga Kiyawa, a Bagwai, wadda ta fi yawan jama'a. A fahimtata wannan zaɓin ya taimaka mata a ranar, amma ya bar baya da ƙura, domin sakamakonsa shi ne kujerun biyu duka suka koma ɓangaren Bagwai. In kana son hasashen zaɓe mai zuwa, kada ka fara da tambayar wace jam'iyya ce take tashe. Fara da tambayar daga wane gari kowace jam'iyya ta ɗauko ɗan takarar tarayya, daga wane gari ta ɗauko na jiha. Jam'iyyar da ta haɗa duka biyun a gefe ɗaya za ta sha zagon ƙasa daga 'ya'yanta na ɗaya gefen, ko da kuwa sun yi mata rantsuwa a bainar jama'a. Ka tuna takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan kowa, alamar jam'iyya ce kawai, amma a ƙauye babu wanda bai san ɗan gidan wa ne a bayan tsintsiya ko a bayan wata alamar ba.

Wasu suna kawo misalin Tsanyawa da Ghari su ce ai a rana ɗaya aka yi, kuma can APC ce ta ci, saboda haka ɗaya daga cikin sakamakon biyun ƙarya ne. Wannan kwatancen bai tsaya ba, domin zaɓukan ba iri ɗaya ba ne. Na Bagwai/Shanono sabon zaɓe ne daga tushe, aka fara ƙirga daga sifiri. Na Tsanyawa/Ghari ƙarashe ne: kotu ce ta ce a sake a rumfuna goma kacal, aka gwada ranar 3 ga Fabrairu 2024 'yan daba suka tarwatsa, INEC ta dakatar, sai a Agustan 2025 aka kammala. Abin da aka samu a rumfunan nan goma an ɗora shi ne a kan ƙuri'un Maris 2023 da suke ajiye. Shi ya sa ka ga Garba Ya'u Gwarmai na APC da 31,472, Yusuf Ali Maigado na NNPP da 27,931. Waɗannan alƙaluman kusan duka hoton 2023 ne, ba na 2025 ba. Amma suna da amfani ta wata fuskar: sun nuna maka yadda mazaɓa mai girma irin taku take idan an yi cikakken zaɓe. Ƙuri'a kusan 60,000 tsakanin jam'iyyu biyu, da ratar da ba ta kai 4,000 ba. Wannan ya fi kusa da ainihin fuskar yankin fiye da 16,198 da 5,347.

Wani abin lura: duka mazaɓu huɗun nan da aka haɗa biyu-biyu sai da aka koma rumfa a cikinsu bayan 2023. Rimin Gado/Tofa da Kura/Garun Malam an sake a wasu rumfuna a Fabrairun 2024 bisa umarnin kotu, NNPP ta ci duka biyun. Taku mutuwa ce ta jawo, wannan ƙaddara ce, ba za a ɗora wa taswira ba. Sauran ukun kuwa ina ganin taswirar tana da hannu. Kujerar majalisar jiha rinjaye kawai take buƙata, ko da ƙuri'a ɗaya ce, babu sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a ko'ina kamar na gwamna. In ƙananan hukumomi biyu suka ja, kowacce ta tsaya wa ɗanta, ratar takan yi siriri, kuma da zarar ƙuri'un rumfunan da aka soke sun fi ratar yawa, sai a ce inkonkulusib ko a tafi kotu. Mai son maguɗi ma ya san ba sai ya taɓa rumfa ɗari ba, goma sun ishe shi.

Saboda haka, Malam, amsata ga tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a, ba ni da hujjar cewa mutanen Bagwai da Shanono sun sauya ra'ayi tsakanin 2023 da 2025. Abin da ya sauya shi ne wanda yake riƙe da gidan gwamnati da sakatariyoyi biyu, da garin da ɗan takara ya fito, da adadin waɗanda suka iya barin gona suka fito. In kana son ka tabbatar da kanka, nemi sakamakon mazaɓun kansila 20 ɗaya bayan ɗaya, na Maris 2023 da na Agustan 2025, INEC tana ɗora takardun rumfuna a shafinta na IReV. Jera Kiyawa da Gadanya da Romo a gefe guda, Kadamu da Faruruwa da Tsaure a ɗaya gefen, ka fara duba yawan waɗanda aka tantance a kowace rumfa kafin ka duba wanda ya ci.